Faifan Z: da Ƙofa ta 445: Yadda Ake Haɗa Kwamfuta da Ma'ajiyar Sabar Ba Tare da An Buɗe wa Ɓarayi ba

Duk wanda ya taɓa zama a shagon buga takardu, ko ɗakin kwamfuta na makaranta, ko ofishin da aka tura shi hidimar ƙasa, ya san yadda filash ke yawo daga tebur zuwa tebur. Mai zane ya gama katin biki, sai a zare filash a miƙa wa mai injin bugawa. Akawu ya gyara lissafin wata, a kwafa a kai wa oga. Kafin mako ya ƙare fayil guda ya haifi biyar, kowanne da ɗan bambancinsa, ba wanda zai rantse wanne ne na ƙarshe. Ga kuma bairos ɗin nan mai ɓoye foldoji ya bar hotunansu na bogi, wanda filash ɗaya ya isa ya shafa wa kwamfuta goma kafin azahar.

Maganin wannan matsala ya girmi mafi yawan masu riƙe da wayar zamani a yau. A tara fayilolin a na'ura guda, wadda ake kira sabar, wasu kuma su ce uwar garke, kowa ya riƙa buɗe su daga inda yake zaune. Idan aka haɗa daidai, foldar da ke kan sabar takan bayyana a kwamfutar mutum tamkar faifai na cikinta, da harafinta na kanta, sau da yawa Z:. Haɗin ba ya cin minti biyu. Inda ake buƙatar natsuwa shi ne, hanyar da fayilolin ke bi ita ce dai aka bi a shekarar 2017 aka durƙusar da asibitocin Ingila da kuma kamfanin jigilar kwantena mafi girma a duniya a lokacin.

Ba sai da ɗaki mai sanyi ba

Jin kalmar sabar kan sa mutum ya hango dogayen akwatuna masu ƙyalƙyalin fitilu a ɗaki mai na'urar sanyaya iska. Akwai irin waɗannan, amma sunan na aiki ne. Duk na'urar da ta ajiye fayil, ta kuma miƙa shi ga wasu na'urori idan suka nema, ta zama sabar. Tsohuwar laftof da allonta ya tsage na iya yin aikin. Haka akwatin ajiya da ake kira NAS, irin na kamfanonin Synology da QNAP, haka 'yar ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi. Har wasu rautoci na da ramin USB da in an soka musu faifai sai su raba shi ga duk wanda ke kan Wi-Fi ɗinsu. Kwamfuta mai Windows 10 ko 11 ta yau da kullum ma tana rabawa, sai dai ƙa'idarta ta tsaya a na'urori 20 a lokaci guda. Wannan ya ishi shago ko ƙaramin ofis, bai ishi cibiyar jarrabawa ba.

Masu waya za su fi saurin ganewa idan aka kwatanta abin da Xender. Dukansu biyun ba sa cin data, domin fayil ba ya fita intanet, tsakanin na'urorin da ke wuri guda yake yawo. Ko datar ofis ta ƙare, muddin rauta na kunne ma'ajiyar na aiki. Inda suka rabu shi ne Xender kwafi yake yi, kowa ya tafi da nasa. A ma'ajiyar sabar kuwa fayil ɗaya ne tak, shi kowa yake buɗewa. Idan wani ya buɗe takardar Word yana gyara, na biyun da ya zo za a gaya masa tana hannun wani, ya karanta kawai ko ya jira. Batun gudu kuma, kebul mai ƙarfin gigabit na ɗauko kimanin megabait 110 a daƙiƙa, wato bidiyon gigabait ɗaya cikin daƙiƙa goma ko ɗan fiye. Idan akwai tsohuwar rauta mai megabit 100 a tsakani, aikin nan sai ya koma minti ɗaya da rabi, kuma galibi kwamfuta ake zagi alhali ba laifinta ba ne.

Yaren da ya haura shekara arba'in

Na'urori biyu ba sa musayar fayil sai da yaren da suka yarda da shi, kuma wanda ya mamaye ofisoshin duniya sunansa SMB. Wani injiniya mai suna Barry Feigenbaum ne ya ƙirƙiro shi a kamfanin IBM a 1983. Microsoft ta ɗauka, ta faɗaɗa, ta cusa shi cikin Windows. A 1996 ta laƙaba masa sunan CIFS, shi ya sa har yau ake cin karo da wannan suna a saitin Linux da na injinan kwafar takardu. A zamanin da aka tsara shi, kwamfutocin gini guda ne ke magana da juna ta kebul, kowa ya san kowa. Ba a yi tanadin ranar da baƙo daga wata nahiya zai zo yana ƙwanƙwasa ƙofa ba.

Dalilin da ya sa na'urorin da ba na Microsoft ba suka iya yaren kuwa labari ne mai daɗi. A farkon 1992 wani ɗalibi a Jami'ar Ƙasa ta Ostareliya da ke Kanbera, Andrew Tridgell, ya fitar da manhajar da ya rubuta bayan ya zauna yana sa ido a kan saƙonnin da ke wucewa a cikin kebul har ya gano ma'anarsu. Da wani kamfani ya ce sunan da ya sa wa manhajar mallakarsa ne, sai Tridgell ya sa kwamfuta ta laluba masa ƙamus ta fito da kalmomin da ke ɗauke da haruffan s, m da b a jere. Cikinsu ya zaɓi Samba. Samba kyauta ce, kuma ita ce ke aiki a cikin yawancin akwatunan NAS da rautoci masu raba faifai.

Microsoft ta sake zubin yaren a 2006 tare da Windows Vista. SMB2 ya rage umarnin da na farko ke amfani da su daga sama da 100 zuwa 19, abin da ya rage surutu a kan layi ya ƙara gudu. A 2012 SMB3 ya zo da Windows 8, shi ne ya kawo rufe bayanai ta yadda mai leƙe a tsakani ba zai karanta ba. Windows 10 ta zo da 3.1.1. Hatta Apple, mai nata yaren na daban, ta koma kan SMB a 2013. Tun daga Windows 2000 duk wannan zirga-zirga ta ƙofa guda take bi a jikin na'ura, ƙofa mai lamba 445. A riƙe lambar nan, za a sake haɗuwa da ita.

Yadda ake haɗin

Abu uku mutum ke buƙata daga wanda ke kula da sabar: adireshinta ko sunanta, sunan foldar da aka raba, da kuma sunan shiga da kalmar sirri. A ce adireshin sabar 192.168.1.10 ne, foldar kuma sunanta Ofis. A Windows ana rubuta hanyar haka: \\192.168.1.10\Ofis. Sandunan nan masu jingina baya ne, ba irin na adireshin shafin intanet ba, kuma rabin masu cewa abin ya ƙi a nan suka yi tuntuɓe.

Kafin a ba ta harafi, ya fi kyau a gwada. A danna maɓallin Windows tare da R, a rubuta hanyar, a danna Enter. Idan akwatin neman kalmar sirri ya fito, an isa ƙofar sabar ke nan. Daga nan sai a buɗe File Explorer, a danna This PC da maɓallin dama na linzami, a zaɓi Map network drive. A Windows 11 wani lokaci zaɓin na ɓuya a ƙarƙashin Show more options ko ɗigo ukun da ke sama. A zaɓi harafi, a liƙa hanyar, a sa alama a Reconnect at sign-in domin faifan ya dawo da kansa duk lokacin da aka kunna kwamfuta. Idan sunan shiga na sabar daban yake da na kwamfutar, wanda a ƙananan ofisoshi kusan kullum haka ne, a sa alama a Connect using different credentials.

Me ya sa Z? Tun zamanin da, A da B na faifan fulofi ne, C na babban faifan ciki. Duk filash ɗin da aka soka yakan karɓi harafin da ke biye, D ko E ko F. Shi ya sa ake ɗauko na sabar daga ƙarshen baƙaƙe, kada su yi karo. A ofis yana da amfani kowa ya yi amfani da harafi iri ɗaya. Takardar Excel da ke ɗauko lissafi daga wani fayil a Z: za ta rikice a kwamfutar da ta sa wa foldar Y:.

Masu son baƙin allo na iya yin duka da layi guda a Command Prompt: net use Z: \\192.168.1.10\Ofis /persistent:yes. A Mac ana buɗe Finder a danna Command da K, a rubuta smb://192.168.1.10/Ofis, a nan da sandunan da ke jingina gaba. Manajan fayil na Ubuntu ma irin wannan rubutu yake karɓa.

Idan ta ƙi

Saƙon da aka fi gani shi ne mai lamba 0x80070035, wanda a baƙin allo yake fitowa a matsayin kuskure na 53. Ma'anarsa kwamfuta ba ta ga hanyar ba sam. A wuraren da ake yawan ɗauke wuta, kamar yadda aka saba a Najeriya, akwai dalili guda da ya fi kowanne yawa. Rauta ce ke raba adireshi ga na'urori, kuma aro take bayarwa. Aka ɗauke wuta aka dawo, ko aka juya zuwa janareta, tana iya ba sabar 192.168.1.14 a maimakon 10 ɗin jiya. Duk kwamfutocin ofis sai su wayi gari da jan gicciye a kan faifan Z:. Gyaran na minti biyar ne: a shiga saitin rauta a keɓe wa sabar adireshi na dindindin. Rauta da sabar kuma su ne suka fi cancantar a ɗora a kan UPS ko inbata, domin yankewar wuta a tsakiyar rubuta fayil na iya lalata shi.

Dalili na biyu shi ne Windows na kallon kowace hanyar sadarwa ko dai a matsayin ta jama'a ko ta gida. Idan kwamfutar da ke raba folda ta ɗauki Wi-Fi ɗin ofis a matsayin Public, za ta toshe ƙofarta da gangan, kuma ta yi daidai, domin ba wanda ke son foldarsa ta bayyana a Wi-Fi na otal. Sai a mayar da shi Private. Na uku, Wi-Fi na baƙi da rautoci ke bayarwa an tsara shi ne ya hana na'urori ganin juna, don haka wanda ya hau shi ba zai taɓa ganin sabar ba.

Kuskure na 5 kuwa na nufin an isa amma an hana shiga, matsalar izini ce ko kalmar sirri. Na 1219 shi ne mai sa mutum ya yi ta sosa kai: Windows ba ta yarda a shiga sabar guda da sunaye biyu a lokaci ɗaya. A yanke tsohon haɗin da net use * /delete, a buɗe Credential Manager a goge tsohuwar kalmar sirrin da aka adana, a sake gwadawa.

Akwai kuma saƙo na daban, wanda ke cewa ba za a haɗa ba saboda foldar na buƙatar tsohon SMB1 wanda ba shi da tsaro. Yakan fito ne idan sabar tsohuwa ce ƙwarai, ko tsohuwar rauta, ko injin kwafa mai tura sikanin zuwa folda. Bidiyoyi barkatai a YouTube na nuna yadda za a shiga Windows Features a sa alama guda a kunna SMB1, abin kuma ya yi aiki nan take. Kafin a sa wannan alama, ya kamata a san abin da ya sa aka cire ta.

Juma'ar 12 ga Mayu, 2017

Hukumar tsaron ƙasa ta Amurka, NSA, ta daɗe da sanin wata ɓaraka a cikin SMB1, ta kuma ƙera makamin kutse a kanta mai suna EternalBlue. Da shi ana iya aika wa kwamfuta saƙo ta ƙofa ta 445 a karɓe ta gaba ɗaya, ba kalmar sirri, ba sai mai ita ya danna komai ba. Microsoft ta fitar da facin ɓarakar a ranar 14 ga Maris, 2017, mai lamba MS17-010. Wata guda bayan haka, ranar 14 ga Afrilu, wata ƙungiya mai kiran kanta Shadow Brokers ta watsa makamin a intanet, kowa ya samu.

Ranar 12 ga Mayu sai ga WannaCry. Yana shiga kwamfuta ya kulle fayiloli, ya nemi fansar dala 300 da kuɗin bitcoin, wadda za ta koma 600 in aka yi jinkiri. Abin da ya bambanta shi da sauran irinsa shi ne da ƙafarsa yake tafiya. Daga kwamfutar da ya kama yakan laluba sauran na'urorin ginin da ma na intanet, duk inda ya tarar da ƙofa ta 445 a buɗe da SMB1 marar faci sai ya faɗa. Hukumar 'yan sandan Turai, Europol, ta ce ya taɓa kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe 150. Ya tsayar da aiki a wasu masana'antun motocin Renault, ya shiga kamfanin sadarwa na Telefónica a Sifaniya, allunan tashoshin jirgin ƙasa a Jamus suka koma nuna saƙon neman fansa. A Ingila ya shafi kimanin kashi ɗaya cikin uku na hukumomin asibitocin gwamnati, aka soke ganin likita kusan 19,000, aka juya motocin ɗaukar marasa lafiya daga wasu asibitoci. Daga baya ma'aikatar lafiya ta ƙiyasta asarar a fam miliyan 92.

Wani matashi ɗan Ingila mai shekara 22, Marcus Hutchins, shi ya taka masa birki. Ya lura bairos ɗin na neman wani dogon adireshin intanet da ba a yi wa rajista ba, ya yi masa rajista da kuɗin da bai kai dala 11 ba, ashe makunnin kashe shi ne. Microsoft ta yi abin da ba ta saba ba, ta fitar da faci har ga Windows XP da ta daina kula da ita tun 2014. Amma mafi yawan kwamfutocin da abin ya ci Windows 7 ce, wadda facinta ya yi wata biyu yana jira ba a saka ba. A watan Disambar shekarar Amurka da Birtaniya suka ɗora alhakin harin a kan Koriya ta Arewa.

Mako shida bayan haka, ranar 27 ga Yuni, aka sake yin wanda ya fi muni. NotPetya ya faro daga Yukren ta cikin wata manhajar lissafin haraji mai suna M.E.Doc. Shi ma ya yi amfani da EternalBlue, amma ya ƙara da wata dabara: yana sato kalmomin sirri daga ƙwaƙwalwar kwamfutar da ya kama, ya shiga da su sauran kwamfutocin ko da suna da faci. Kuma bai zo don kuɗi ba, lalatawa kawai yake yi. Kamfanin Maersk na ƙasar Denmak ya sake ɗora manhaja a sabar 4,000 da kwamfutoci 45,000, asararsa ta kai tsakanin dala miliyan 250 zuwa 300. Mujallar Wired ta ruwaito a 2018 cewa duk sabar da ke riƙe da rajistar ma'aikatan kamfanin da izininsu sun mutu in ban da guda ɗaya a ofishinsu na Ghana, wadda ɗaukewar wuta ta raba da layi kafin harin ya iso. A cewar rahoton, sai da aka ɗauko faifanta aka miƙa wa wani ma'aikaci a filin jirgin sama a Najeriya, shi kuma ya wuce da shi Landan. Ba kasafai ɗauke wuta ke yin rana haka ba.

Tun ƙarshen 2017 Microsoft ta fara cire SMB1 daga sababbin Windows. A Windows 11 zubin 24H2 ta ƙara matsawa: nau'in Pro da na manyan kamfanoni yanzu suna buƙatar kowane saƙon SMB ya zo da sa hannun da ke tabbatar ba a taɓa shi a hanya ba, kuma Pro ta daina yarda a shiga folda a matsayin baƙo marar kalmar sirri. Mutane da yawa sun yi sabuntawa suka tarar tsohon NAS ɗinsu ya daina buɗewa. Gyaran da ya dace a ɓangaren sabar yake. A sabunta manhajarta, a shiga saitinta a sa mafi ƙarancin yare ya zama SMB2, a buɗe wa kowane ma'aikaci sunan shiga. Na'urar da ba ta iya komai ba sai SMB1 ta kai lokacin ritaya, ko aƙalla a daina ba ta aikin riƙe fayilolin ofis.

Waya ma na shiga

Tun iOS 13 da ya fito a 2019, manhajar Files ta iPhone na da zaɓin Connect to Server a ƙarƙashin ɗigo ukun sama, inda ake rubuta smb:// da adireshin. Wayoyin Samsung na da sashen ma'ajiyar hanyar sadarwa a cikin My Files. Masu Tecno, Infinix da sauran Android za su buƙaci manhaja irin su Solid Explorer ko Cx File Explorer. VLC kuma na iya kunna bidiyo kai tsaye daga sabar ba tare da an sauke shi ba, abin da ke ceton waya mai ƙaramar ma'ajiya. Mai ɗaukar hoton biki na iya zuba aikin yini daga waya zuwa kwamfutar gyara ba kebul ba data. A dai kula da manhajar da ake miƙa wa kalmar sirrin ofis. ES File Explorer, wadda ta taɓa zama kusan a kowace wayar Android, Google ta cire ta daga Play Store tun 2019, amma har yanzu ana tura wa juna tsofaffin kwafinta.

Wa ke da izinin me

Hanyar da ta fi sauƙi wajen raba folda ita ce a ba Everyone cikakken iko, kuma ita ce aka fi bi. Sakamakonta shi ne ɗan koyon aiki da ya zo jiya na iya buɗe albashin kowa, ya kuma goge aikin shekara. A Windows izini hawa biyu ne, na rabawa da na foldar kanta, kuma wanda ya fi tsauri a cikinsu shi ke aiki, shi ya sa wani lokaci ake ba mutum izini a wuri ɗaya amma ya ci gaba da ganin an hana shi. Tsari mai kyau shi ne kowa da sunan shigarsa, wanda aikinsa karatu ne a ba shi karatu kawai, kuma kalmar sirrin mai kula da sabar kada ta zama ita ce a kan kowace kwamfuta, tunda ta nan NotPetya ya bi. Ga asibiti, makaranta ko shagon da ke riƙe da bayanan jama'a a Najeriya, batun ya wuce ladabin aiki, domin dokar kare bayanai da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta ɗora wa mai riƙe da bayanan mutane nauyin tsare su.

Akwai wani abu da sabon shiga ba ya sani sai ya ƙone shi: fayil ɗin da aka goge daga faifan sabar ba ya zuwa Recycle Bin na kwamfutar mutum. Ya tafi ke nan. Akwatunan NAS na da kwandon shara nasu, Windows Server kuma na da tsarin adana tsofaffin zubin fayil da ake gani a ƙarƙashin Previous Versions, amma duka biyun sai an tabbatar an kunna su tun kafin ranar kuka.

Haka nan, tara komai a wuri guda na nufin faifai ɗaya ya mutu komai ya tafi. Bairos mai neman fansa kuma na bin duk harafin da ya gani a kwamfutar da ya kama, har da Z:, ya kulle duk abin da mai kwamfutar ke da izinin gyarawa. Don haka sabar na buƙatar kwafin ajiya a wani faifai da ake cirewa bayan an gama kwafa, da wani kuma a wajen ginin. Faifan da ke soke a jikin sabar dare da rana, tare za a kulle su.

Daga gida fa?

Ko ba jima ko ba daɗe oga zai tambaya ko zai iya buɗe Z: daga gida. Amsar da ake samu cikin sauƙi ita ce a shiga rauta a tura ƙofa ta 445 zuwa waje. Kada a yi. Akwai na'urori da aikinsu dare da rana shi ne laluben intanet suna neman wannan ƙofa, kuma kamfanonin intanet da dama sun toshe ta da kansu saboda haka. Ba ita kaɗai ba ma, duk akwatin ajiyar da aka fito da fuskarsa fili abin farauta ne. A watan Janairun 2022 bairos ɗin DeadBolt ya kulle dubban akwatunan QNAP da masu su suka bari a buɗe ga intanet. Hanyar da ta dace ita ce VPN, wadda ke sa waya ko laftof ta zama tamkar tana cikin ofis ta wani rufaffen layi. WireGuard kyauta ce, Tailscale da aka gina a kanta kuma ta fi sauƙin saiti, har tana aiki a kan layin MiFi inda tura ƙofa galibi ba ya yiwuwa. A tuna cewa a wannan yanayi fayil na bin intanet ne, don haka data na ci.

Wanda ya riga ya gaji faifan Z: a wurin aikinsa, ba shi ya haɗa ba, yana iya duba lafiyarsa cikin daƙiƙa kaɗan. Ya buɗe wata folda a cikin faifan, sannan ya buɗe PowerShell da ikon mai gudanarwa ya rubuta Get-SmbConnection. A ƙarƙashin Dialect zai ga lamba. Idan 3.1.1 ce ko wata mai farawa da 3 ko 2, sabar na magana da sabon yare. Idan ta fara da 1, wani ya taɓa sa alamar nan a Windows Features, kuma mai kula da kwamfutocin ofis na buƙatar jin labari a ranar.